Gadun da Manu Ya Binne

Rabi'atu ba ta taɓa zama a majalisar maza ba, amma babu abin da ake faɗa a majalisar ƙofar gidansu da ba ya shiga kunnenta. Wanda ya gina gidan ya jingina madafa da katangar waje, dakalin da maza ke zama kuwa yana manne da bayan katangar nan. Tana suyar ƙuli-ƙulinta tana jin wanda taki ya ƙone wa masara, da wanda babur ya mace wa a hanyar Malumfashi, da wanda ke rantsuwa da Allah a kan abin da ita ta san ba haka aka yi ba. Ba ta tanka musu. In abin ya ishe ta, sai ta ƙwanƙwasa cokali a bakin kasko ta ci gaba da aikinta.

Mijinta Manu maharbi ne a wani ƙauye da ke bayan Dayi, kuma a kan sana'ar ya tsufa. Maharba dai kowa ya san halinsu. A harbi zomo a daji, kafin a iso gari ya zama gada, kafin a kwana ya tsiro ƙaho. Manu bai gaji wannan ba. In zomo ya harba, zomo zai ce, in kuma ya kuskure zai ce ya kuskure, har ya faɗi yadda dabbar ta tsaya ta dube shi kafin ta wuce. Shi ya sa in gardama ta yi tsawo a dakali, a kan iyakar gona ko shekarar da aka yi fari, sai wani ya ce, "To a tambayi Manu." Abin da ya faɗa, a nan ake tsayawa. Ba shi da garke, ba shi da shago. Maganarsa ita ce dukiyarsa a garin, kuma Rabi'atu ta fi shi sanin darajarta.

A waje ba shi da yawan magana. A cikin gida bakinsa ke buɗewa. Tun tana amarya, duk ranar da ya dawo daga daji sai ya shimfiɗa buzunsa kusa da turminta, ya ba ta labarin farautar tun daga fitarsa har dawowarsa, ba ya tsallake ko kukan tsuntsu. Ta san dajin nan kaf, alhali ba ta taɓa taka shi ba.

A shekarun da masu satar mutane suka addabi yankin, kowa ya bar gonakin nesa. Da abin ya ɗan lafa aka koma, sai aka tarar daji ya karɓi kayansa, har da baƙin da aka manta da su. Gonar Manu ta bakin fadama ta yi masara mai kyau a wannan damina, amma ana gab da girbi wani abu ya fara shiga yana kwantar da ita, yana tone ƙasa kamar an bi da garma. Manu ya duba sawun ya ce gadu ne, aladen daji, kuma ba ƙarami ba. Wata rana bayan sallar asuba ya ɗauki bindigarsa ta toka, ya sa Mansur, mijin autarsu Maijidda, ya kai shi a babur.

Ba su dawo ba sai bayan azahar, laka har gwiwa, hannu babu ko tsoka. Manu ya yi wanka, ya yi salla, sannan ya jawo buzu kusa da turmi.

"Rabi, yau na ga abin da ban taɓa gani ba tun da nake shiga daji."

Ya ba ta labarin yadda ya laɓe a gindin wata gawo, yadda masara ta fara motsi ba iska, yadda abin ya fito ya tsaya. Ya ce girmansa ya ɗara na maraƙin da ya shekara. Ya miƙa hannunsa ya nuna mata tsawon hauren, daga tsintsiyar hannu har kusa da gwiwar hannu. Ɗuri ɗaya ya yi masa a bayan ƙafar gaba, ya ruga ya faɗi a tsakiyar gona.

"To ina wutsiyar?" in ji ta, don ta san maharbi ba ya dawowa ba alama. In ba fata ba to ƙaho, in ba ƙaho ba to wutsiya.

"Me zan shigo da shi gidan da ake salla? Ko taɓa shi ban yi ba. Rami muka haƙa a gefensa, muka tura shi da itace, muka mai da ƙasa. In na bar shi a fili masu saye za su ji labari su zo, gobe a ce Manu ya ci kuɗin alade."

Rabi'atu ta ce ya kyauta. Ko kaɗan ba ta tsaya tunanin yarda ko rashin yarda ba, ta dai zuba masa fura ta koma kan gyaɗarta.

Da a nan abin ya tsaya, da babu labari. Amma Mansur yana da waya, kuma mai waya ba ya ganin abu ya bar shi. Kafin su binne gadun ya roƙi surukinsa ya tsaya a ɗauke shi hoto. Manu ya yarda, sai dai ya ƙi matsawa kusa. Ya ja baya sosai ya tsugunna da bindigarsa, don kada ko bakin rigarsa ya goge shi. Shi kuwa Mansur, don ya samu hauren da kyau, sai ya kwanta rub da ciki dab da hancin dabbar. Abin da ya fito a hoton ba gadu ba ne kuma, wani dodo ne da ya fi san huɗa, ga ɗan Manu can a bayansa bai kai kunnensa ba.

Kafin magariba hoton ya zaga ƙauyen. Kafin kasuwar Dayi ta sake ci ya kai Funtua. Daga nan ya fara dawowa da sababbin kaya. Wani ya rubuta a ƙarƙashinsa cewa a Bakori aka kashe shi, wani ya ce a dajin Zamfara, wani kuma ya ce sai da ya cinye manomi biyu da jakinsu.

Wanda ya fara taɓa maganar a dakali shi ne Awaisu, mai sayar da iri da maganin feshi a kasuwa. Ɗan kawun Manu ne, wato taubashinsa, kuma tun suna yara babu ranar da suka haɗu ba su tsokani juna ba. Wannan haƙƙinsa ne, ba wanda zai hana shi. Rabi'atu tana murza tunkuza ta ji muryarsa ta bayan katanga.

"Ku matso ku gani. Ku dubi karan masarar nan na kusa da hancinsa. Ai ya kai taɓarya kauri. Yanzu ku dubi na bayan Manu, kamar tsinken sakace. Gona ɗaya ce, iri ɗaya ne, ni na sayar masa. To ko dai aljanu ke zuba wa na gaban taki, ko dai an yi mana wasa da ido."

Aka yi dariya. Sai Bature mai faci ya karɓe, shi da bai taɓa jin labarin mamaki ya bar shi ya wuce ba.

"Kai dai Awaisu ba ka yarda da ikon Allah ba. Ni wanda ya ba ni labari ya ce sai da aka zuba masa wuta sau bakwai yana tsaye yana dariya."

"Bindigar toka ce fa, Bature. Ɗuri ɗaya take ci."

"Yo ai shi ne abin mamakin!"

In za a faɗi gaskiya, Bature ya fi Awaisu yi wa Manu ɓarna. Mai ƙaryata ka da hujja kana iya zama da shi ku yi magana. Mai gaskata ka da shirme kuwa, duk inda ya buɗe baki sai ya ja ka ku faɗa tare.

Gari ya rabu biyu. Masu yarda suka ce daji ya yi shekaru ba mai shiga, ba kare ba maharbi, dabba tana cin masara da rogo son ranta, me zai hana ta girma? Masu musu suka ce gadu gadu ne, ko a rumbu ya kwana ba ya wuce babban rago, kakanninsu sun yi farauta ba su ga irin wannan ba. Samari suka riƙa nuna wasu hotunan daga ƙasashen Turawa, aladun daji kamar motar ɗaukar yashi, ga mai bindiga yana murmushi a gefe. Wani ya ce duk na gaske ne, can abincin ne ya fi ƙarfi. Wani ya ce inji ke haɗa su, ko uwarka kake so a ɗora kan giwa yanzu za a ɗora maka ita. Aka saka hoton Manu a layin waɗancan, aka riƙa yi musu hukunci ɗaya.

Manu yana zaune ana yi. Ran nan dai ya yi gyaran murya, dakali ya yi tsit kamar yadda aka saba.

"Hoton ya ƙara," in ji shi. "Ni ban ce ya kai sa ba. Na ce ya ɗara maraƙi."

Mutum ya faɗi gaskiyarsa tsakani da Allah, amma sai Awaisu ya tafa hannu.

"Kun ji ko? Ya fara ragewa. Daga sa ya koma maraƙi. Ku ba shi mako guda, wallahi zomo zai zama."

Dariyar da aka yi har katanga ta ɗauka. Rabi'atu ta ƙwanƙwasa cokali a kasko da ƙarfi, ba wanda ya ji.

Wani ya ce abin ai mai sauƙi ne, a je a tone. Manu ya ce a'a. Ya ce ba zai tone mushe a gonar da ake noma abinci don a yarda da shi ba, sun san shi tun ba a haifi wasunsu ba. Ita Rabi'atu ta gane abin da yake nufi sarai. Su kuwa abin da suka ji shi ne ya ƙi a tone.

Shaidar Mansur ba ta yi amfani ba. Suruki ne, kuma da bakinsa ya amsa cewa kwanciya ya yi ya ɗauki hoton. Rabi'atu ta so ta zaunar da shi ta tambaye shi dalla-dalla, to amma ina ita ina titsiye mijin 'yarta? Iyakarsu gaisuwa daga bakin zaure, kowa kansa a ƙasa. Sai ta bi ta kan Maijidda.

"Ya ce babba ne, Inna," in ji Maijidda. "Amma kin san Mansur. Ko ƙadangare ya gani, babba ne."

Maganar nan ta zauna wa Rabi'atu a rai. Ta karɓi wayar Maijidda ta daɗe tana duban hoton. Ga karan masarar nan, kamar taɓarya, yadda Awaisu ya faɗa. Ta tuna a bara Manu ya ba ta allura ta sa masa zare, ya ce hasken ɗakin ne. Ta tuna ya gai da wata baƙuwa da sunan Maijidda. Ba ta ce mijinta maƙaryaci ba ne, Allah ya sani ko a zuciya ba ta faɗa ba. Ta dai fara cewa tsufa ba ya sallama kafin ya shigo.

Yara suka sa masa suna Mai Gadu. Ya shanye. A kasuwa aka riƙa tambayarsa ko yau ya harbo giwa. Ya shanye. Abin da bai shanyu ba ya faru wata la'asar, ana gardama a dakali a kan wani tsohon burtali, inda ya bi kafin a cinye shi da noma. Gardama ta yi tsawo, Manu yana zaune, ya san amsar kamar yunwar cikinsa. Rabi'atu ta tsai da suya tana jiran a ce a tambayi Manu. Ba wanda ya ce. Aka yi ta ja har aka kira magariba, aka watse.

Da ya shigo ta kai masa tuwo. Ya ci loma kaɗan, sai ya tsaya da hannu a cikin kwano.

"Rabi, ke fa?"

Da ta ce masa "Ni me?" ma da ya fi. Amma ta gane tambayar, kuma ta daɗe da shirya amsa, amsar da take ganin za ta buɗe masa ƙofa ya fita daga wannan kunyar ba tare da an kira shi maƙaryaci ba.

"Malam, ni na san ba ka ƙarya. Amma ka ga da sassafe ne, gari bai gama wayewa ba, ga masara ta rufe. Idon ma ba kamar da ba. Ba abin kunya ba ne in ka ce musu ƙila ka gani ne ya fi haka."

Bai yi faɗa ba. Da ya yi, da ta samu sauƙi. Ya dube ta, ya gyaɗa kai a hankali, ya cire hannunsa daga kwanon ya wanke. Ya ce Allah ya yi albarka, tuwon ya yi daɗi. Ya naɗe buzunsa ya kai ɗaki.

Buzun bai sake fitowa kusa da turmi ba. Manu ya rataye bindiga, ya koma tufkar igiya a gindin bishiyar darbejiyar tsakar gida. Yana gaishe ta, tana gaishe shi, yana cin abincinta yana sa albarka. Ba wanda zai shigo gidan ya ce wani abu ya canza. Amma ita da ta saba daka gyaɗa da labari a kunne, yanzu sai ƙarar taɓarya kawai. Ta yi nadama har ta rasa inda za ta sa kanta. Ta gwada jan shi. Ta ce, "Malam, ran nan da ka laɓe a gindin gawo…" Ya ce, "Ya wuce, Rabi." Ta ba shi haƙuri, ya ce ai ba ta yi masa komai ba. Kuma abin haushin, haƙurin da take bayarwa na zafin maganar ne, shakkar tana nan inda take, shi ma ya sani.

Awaisu ma ya gane wasa ya wuce gona da iri. Ya zo da goro, ya tsokane shi a kan furfura, a kan tsohuwar hularsa, ko zai rama. Manu ya karɓi goron da hannu biyu, ya tambaye shi iyali da kasuwa, kamar baƙon da ya sauka daga mota. Rabi'atu ta ji Awaisu yana gaya wa Bature a bayan katanga cewa da Manu ya zage shi ta uwa ta uba da ya fi masa wannan gaisuwar. Da bazara ta kama, ya ga Manu ba shi da niyyar komawa gonar fadama, sai ya nemi aronta, yana fatan ko hakan zai harzuƙa shi ya ce ba zai bayar ba. Manu ya ce ya je ya noma.

Aka yi shuka, aka yi huɗa, damina ta yi nisa, masara ta fara goyo. Maganar gadu ta kwanta, sai dai jefi-jefi in an rasa abin taɗi.

Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, Rabi'atu ta ji hayaniya a ƙofar gida, ana ta tayar da babura. Maijidda ta shigo da sauri, goyo a baya.

"Inna, ɗauko mayafinki. Baba Awaisu ya aiko daga gonar fadama, ya ce duk mai ƙafa ya zo ya ga inda aka binne gadun nan."

"Me ya gani?"

"Bai faɗa ba. Wasu sun ce ruwa ne ya tone ramin, ƙasusuwa suka fito, wai ba su fi na akuya ba. Bature kuma ya ce haure ne ya ɓullo kamar turmi. Ba dai wanda ya sani. Na samo miki mai babur, ni zan bi Mansur. Yi sauri, yau dai za a yi ta ta ƙare."

Rabi'atu ta miƙe. Ta sauke kasko, ta shiga ɗaki ta ɗauko mayafi. Wata da watanni tana ɗauke da tambayar nan, yau ga amsa a bakin fadama, babur na jiranta. In ƙashin akuya ne, to ta san yadda za ta lallaɓa tsohonta su ƙarasa zamansu. In kuwa abin da ya faɗa ne, za ta dawo ta durƙusa ta ce ta gani da idonta, ya yafe mata.

Manu yana gindin darbejiya, igiya naɗe a babban yatsan ƙafarsa, yana murzawa a cinya. Ya ji duk abin da aka faɗa. Bai ɗago ba. Da ta zo wucewa ta gabansa sai ya ce, "A dawo lafiya."

Ta kai bakin zaure ta tsaya. Maganar da ta shirya ce ta dawo mata, wai ta gani da idonta. To in ta gani da idonta, me ta ba shi? Awaisu ma zai gani da idonsa. Yaran da ke kiransa Mai Gadu ma za su gani. Bayan yau duk wanda ya ce ya yarda da Manu, ƙasa ya yarda da ita, ba Manu ba. Mutumin nan ya ƙi tone rami don yana son ko mutum ɗaya ya ce masa ka faɗa ya isa. Ya duba gari bai samu ba, ya shigo gida ya tambaye ta. Kuma yau ce rana ta ƙarshe da za a iya ba shi wannan. Da zarar baburan nan sun dawo, ko ta so ba ta da abin bayarwa.

Shin ta yarda? Ta tambayi kanta a tsaye a zauren. Ta ajiye hoton gefe, da karan masara, da zaren allura. Ta tuna mutumin da ya taɓa dawowa hannu wofi ranar sunan ɗansu, ya gaya wa taro cewa barci ne ya ɗauke shi a gindin bishiya barewa ta wuce, alhali da ya ce bai ga komai ba babu mai sani. Idonsa ya rage, gaskiya ne. To amma ya wuni yana haƙa wa abin rami, ya tura shi da itace da ƙarfinsa. Mutum ba ya haƙa rami da ido.

"Inna, mai babur na jira!"

"Ku je," in ji ta. "Ki ba shi haƙuri."

Ta koma ta rataye mayafin a igiyar shanya. Ta shiga ɗakinsa, ta ɗauko buzun da ya yi ƙura, ta kakkaɓe, ta shimfiɗa kusa da turmi. Ta zuba gyaɗa ta ɗauki taɓarya. Manu ya daina murza igiya.

"Ba za ki ba?"

"Me zan je gani? Ka ce ya ɗara maraƙi. Ya ɗara maraƙi."

"In kuma ƙashin akuya suka tarar?"

"To akuyar wani ce ta mutu a wurin."

Ya daɗe yana dubanta. Ita kuwa ta ci gaba da daka, hawaye na zuba ba ta share ba, don hannuwanta duk mai ne. Can ya warware igiyar daga yatsansa. Ya tashi da ƙyar, gwiwa na ƙara, ya zo ya zauna a kan buzun. Ya gyara zama. Sannan ya ce, "Akwai abin da ban gaya miki ba ran nan. Da ya fito, hannuna rawa ya yi."

Ya faro daga farko, tun daga sanyin da suka sha a kan babur. Bai tsallake komai ba. Rana ta take, inuwa ta matsa, suka matsa da buzun. Ta dafa musu ɗanwake suka ci, ya koma inda ya tsaya, ya ratse zuwa wani gadun da mahaifinsa ya harba, ya sake dawowa.

Wajen la'asar babura suka fara dawowa, dakali ya cika. Muryoyi suka riƙa tsallako katanga. Ashe ba ƙashi ba ne, ba haure ba ne. Masara ce. A tsakiyar gonar, daidai kan ramin, masarar wurin ta fi sauran tsawo nesa ba kusa ba, ganyenta har baƙi-baƙi yake don kore, kowane kara da goyo biyu. Awaisu ya ce ya shiga ya kwanta a wurin ya miƙe, bai cika shi ba, kuma shi da ke sayar da taki ya san akuya ba ta ciyar da ƙasa haka. Wani ya ce ai ruwa ne ya baza takin mushen, faɗin wurin ba ya nuna girman dabbar. Bature ya ce da kunnensa ya ji masarar tana gurnani. Gardama ta tashi sabuwa fil.

Rabi'atu ba ta matsa kusa da katanga ba. Tana nan gaban turmi.

Sai ga sallamar Awaisu a zaure, muryarsa ba wasa a ciki. Maijidda, wadda ta shigo da laka a ƙafa da labari cike da baki, ta ce, "Baba, ana sallama. Ya ce wurinka ya zo, magana ce mai muhimmanci."

"Ce wa wannan mai kan ƙwaryar ya zauna a dakali," in ji Manu. "Ya iya jira. Ina magana da uwarki."

Ya juyo wurin Rabi'atu. "Ina muka tsaya?"

"Kun gama haƙa ramin," in ji ta. "Ka aiki Mansur ya saro itace."